Tsakanin Din, Furobos da Shugaban Jami'a: wa ke da ta cewa a kwaleji?

Baban Hauwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar jami'a daga ciki, domin ni karatuna ya tsaya a kwalejin horon malamai, kuma abin da na gani cikin makonnin nan ya ɗaure mini kai.

'Yata tana aji uku a fannin likitanci a wata jami'ar tarayya. A lokacin babbar jarrabawarsu zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu a asibitin makaranta, takarda ɗaya ta wuce ta. Da sakamako ya fito sai aka rubuta mata cewa ba ta halarta ba, wanda a ƙa'idarsu daidai yake da faɗuwa, alhali tana riƙe da shaidar likita mai hatimi. Na bar aikina na bi ta domin mu gyara. Shugaban sashe ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi ya riga ya sa hannu ya tura gaba. Muka je ofishin shugaban tsangaya, wanda suke kira Din, aka ce maganar ta wuce tsangaya, tana hannun kwaleji. A ofishin shugaban kwalejin, wato Furobos, sakatarensa ya buɗe wani fayil mai kauri ya nuna mini takardar 'yata da hatimi uku a jikinta, ya ce kwaleji ta amince, amma sai Sanet ta zauna. Na tambaye shi ko ina ofishin wannan Sanet ɗin yake in je in gan shi, sai ya yi murmushi ya ce ba mutum ba ne.

Da na dawo gida wani ɗan'uwana ya ba ni shawarar in bar wahalar da kaina, in nemi shugaban majalisar gudanarwar jami'ar, tunda akwai wanda zai iya sada mu, wai kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ban yi ba tukuna, domin ba na so in taka inda zai jawo wa yarinya baƙin jini. Tambayata ita ce: yaya ake mulkin waɗannan kwalejoji da tsangayoyi da makarantu da ke cikin jami'a ɗaya? Idan Furobos shugaba ne, me ya hana shi yanke hukunci a kwalejinsa? Kuma wa yake naɗa su, wa yake iya tsige su?

Tsohon Ma'aikacin Rajista ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Hauwa. Allah ya ba yarinya lafiya mai ɗorewa. Na yi shekaru masu yawa ina ɗaukar bayanan taro a irin waɗannan zama kafin in yi ritaya, saboda haka zan faɗi abin da na sani, waɗanda suka fi ni sani su gyara.

Da farko kada ka bi shawarar ɗan'uwan nan naka. Jami'ar tarayya a Najeriya tana da majalisu biyu manya, kuma doka ta raba musu aiki. Majalisar gudanarwa ita ke riƙe da kuɗi da kadarori da kwangila da ɗaukar ma'aikata da ladabtar da su. Majalisar malamai, wadda ake kira Sanet, ita ke riƙe da duk abin da ya shafi ilimi: wa za a ɗauka, me za a koyar, wa ya ci jarrabawa, wa ya faɗi, wa za a kora, wa za a ba digiri. Shugaban majalisar gudanarwa yana da girma ƙwarai, yana iya jagorantar zaman da zai naɗa shugaban jami'a, amma ba shi da hurumin canza maki ɗaya a sakamakon ɗalibin aji ɗaya. Idan ya ɗaga waya a kan maganar 'yarka, abin da zai biyo baya shi ne malamai su fara kallon takardarta da zargi, bayan kuwa gaskiyarta ta ishe ta.

A majalisar gudanarwa akwai 'yan waje da 'yan gida. 'Yan waje su ne shugabanta, da wakilin ma'aikatar ilimi, da wasu mutum huɗu da gwamnatin tarayya ke naɗawa. 'Yan gida su ne shugaban jami'a da mataimakansa, da mutum huɗu da Sanet ke zaɓa, da biyu daga taron ma'aikata masu digiri, da ɗaya daga ɓangaren waɗanda jami'ar ta yaye. Wa'adinta shekara 4 ne. Ita kuwa Sanet shugaban jami'a ne ke jagorantarta, kuma duk wanda ya kai matsayin farfesa yana da kujera a cikinta, haka nan shugabannin kwalejoji da tsangayoyi da sassa da cibiyoyi da babban ma'aikacin laburare, magatakarda kuma shi ne sakatare. A babbar jami'a irin ta Ahmadu Bello mutanen da ke da kujera a wannan zama ɗaruruwa ne. A sama da su duka akwai uban jami'a, wanda yawanci basarake ne daga wani yanki dabam, kamar yadda aka ba Obi na Onica jami'ar Ahmadu Bello aka kuma ba Sarkin Musulmi ta Ibadan, amma aikinsa bai wuce ya sa riga ya jagoranci bikin yaye ɗalibai ba. Sai kuma shugaban ƙasa, wanda doka ta kira mai ziyara, ta kuma ɗora masa aika kwamitin bincike aƙalla sau ɗaya a shekara 5.

To ina Furobos da Din a cikin wannan? Ka ɗauke shi kamar hawa-hawa. Sashe shi ne tushe, nan malamai suke, nan ake koyarwa, nan ake duba takardu. Sassa masu dangantaka su ke haɗuwa su zama tsangaya. A wasu fannoni, musamman likitanci, tsangayoyi da yawa sukan haɗu su zama kwaleji. Kowane hawa yana da nasa zaman malamai, kuma shugaban kowane hawa a haƙiƙa shugaban taro ne mai aiwatar da abin da taron ya tsayar. Sakamakon jarrabawa yana tashi daga zaman sashe, ya je zaman tsangaya, ya je zaman kwaleji, kowanne yana duba shi yana ba da shawara, amma bai zama sakamako na doka ba sai Sanet ta amince. Hatimi ukun da ka gani a takardar 'yarka shi ne wannan hawan. Ɗalibi ko malami ba ya rubuta wa magatakarda kai tsaye. Yakan rubuta a saman takardar cewa ta hannun shugaban sashe, ta hannun Din, ta hannun Furobos, kowannensu ya rubuta ɗan ra'ayinsa a gefe da biro ya sa kwanan wata. Mu a rajista idan takarda ta zo da hatimi biyu maimakon uku, mayar da ita muke yi ko da daga ɗan wane ta fito.

Game da naɗi, a nan ne abin yake da daɗin nazari, domin yana nuna wa kowane shugaba yake jin tsoro. Din na tsangaya malaman tsangayarsa ne ke zaɓensa da ƙuri'a, yawanci na shekara 2, ana iya sabunta masa sau ɗaya, daga nan ya koma ofishinsa na da ya ci gaba da koyarwa a ƙarƙashin wanda jiya shi ke ba shi umarni. Mutumin da ya san bayan shekara biyu zai sauko ba ya cika ɗaga kafaɗa. Shugaban sashe a wasu jami'o'i zaɓensa ake yi, a wasu kuma shugaban jami'a ne ke naɗa shi. Amma akwai masu sunan Din da ba zaɓaɓɓu ba ne: na harkokin ɗalibai, da kuma a wurare da yawa na makarantar karatun gaba da digirin farko, da daraktocin cibiyoyi, waɗannan galibi naɗin shugaban jami'a ne, kuma wanda ya naɗa ka shi kake kallo. Ita makarantar gaba da digiri, duk da sunanta, ba ta da malamai nata na kanta; sassa ne ke koyar da ɗalibanta, ita tana riƙe da ƙa'ida da rajista da tsarin kare kundin bincike.

Shi kansa shugaban jami'a, tun bayan gyaran dokar jami'o'i na 2003, majalisar gudanarwa ce ke zaɓensa ta naɗa shi sannan ta sanar da shugaban ƙasa, bayan wani kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu ya tantance masu nema, kuma wa'adinsa ɗaya ne na shekara 5. Idan kana son ganin yadda ƙa'idar nan take aiki lokacin rikici, duba abin da ya faru a Jami'ar Legas a 2020: majalisar gudanarwa ƙarƙashin Wale Babalakin ta sanar da cire Farfesa Oluwatoyin Ogundipe a watan Agusta, malamai suka ce ba a bi matakan da doka ta shimfiɗa ba, gwamnati ta umarci mutanen biyu su ja gefe ta kafa kwamitin bincike, Sanet ta zaɓi Farfesa Folasade Ogunsola a matsayin riƙo, kuma kafin shekarar ta ƙare aka mayar da Ogundipe kujerarsa.

Malama Ta-Asibiti ta amsa:

Yallabai ya kawo tsarin yadda yake a takarda, kuma bai yi kuskure ba, sai dai ina ganin ya rage wa Furobos nauyi fiye da yadda abin yake a aikace, aƙalla a kwalejin likitanci inda nake koyarwa.

Dalilin da ya sa likitanci ke neman zama kwaleji tun asali shi ne iyayen gijinsa sun yi yawa. Ɗalibin tarihi ko na lissafi jami'a ce kaɗai ke da shi, sai hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da ke zuwa tantance kwasa-kwasai. Ɗalibin likitanci kuwa, daga aji huɗu, rabin rayuwarsa a asibitin koyarwa take, kuma asibitin koyarwa ba na jami'a ba ne. Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika da na Ibadan duk suna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, kowanne da hukumar gudanarwarsa da babban daraktansa da kasafin kuɗinsa, alhali jami'a tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. Ni da safe ina zagayen marasa lafiya a matsayin likitar asibiti, ɗalibai goma sha biyu na biye da ni da fararen riguna, da rana kuma ina zaman sashe a matsayin malamar jami'a, kuma kowane ɓangare yana da takardar da yake so in cika. Ga kuma majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, wadda ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya yayewa gwargwadon gadajen asibiti da malamai da kayan aiki, kuma idan ta janye amincewarta, digirin da Sanet ta sa wa hannu ba zai ba mutum lasisin taɓa mara lafiya ba. Furobos shi ne mutumin da ke tsaye a tsakiyar waɗannan uku, jami'a da asibiti da majalisar likitoci. Shi ya sa Ibadan ta mayar da tsangayarta ta likitanci kwaleji tun 1980, Legas ma tata kwalejin a Idi-Araba take, nesa da babbar harabar Akoka, kuma Bayero da Usmanu Danfodiyo da Ahmadu Bello duk suna da kwalejin da ta tattara fannonin lafiya.

A aikace, abin da zaman malaman kwaleji ya tsayar a kan jarrabawar likitanci da wuya Sanet ta juya shi. Farfesan adabi ko na injiniya da ke zaune a Sanet ba zai tashi ya yi jayayya da mai jarrabawa na waje da aka gayyato daga wata jami'a a kan ko ɗaliba ta san sassan jikin mutum ba. Abin da Sanet ke dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida, ko an yi wa wani abin da ba a yi wa wani ba. Saboda haka, Baban Hauwa, idan har gaskiya ne kwaleji ta amince da uzurin 'yarka, mafi wuyar tafiyar ya wuce.

Inda na yarda da Yallabai ɗari bisa ɗari shi ne maganar kuɗi. Ana kiran mu kwaleji, muna da sakatare namu da jami'in kuɗi namu, amma albashi ba daga hannun Furobos yake fita ba, ɗaukar malami ɗaya ma sai ya bi ta kwamitin ɗauka da ƙarin girma na jami'a, kuma tun da aka shigar da hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya a 2015 ko kuɗin da jami'a ta tara da kanta a Babban Banki yake kwana. Gine-gine da yawa da kake gani da tambarin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, rabon yana zuwa ne da sunan jami'a, shugaban jami'a da majalisar gudanarwa su ke yanke wa za a gina wa. Na ga lokacin da injin sanyaya ɗakin ajiye gawawwakin koyarwa ya lalace ana tsakiyar bazara, Furobos da kansa ya riƙa hawa benen ofishin ma'ajin jami'a da takarda a hannu har aka saki kuɗin gyara. Mai ikon da sai ya yi wannan hawan, ikonsa da iyaka.

Ɗan Tudun Wada ya amsa:

Ina so in ƙara wani abu da zai iya rage ruɗani, domin kalmar kwaleji kanta ita ce ke yaudarar mutane. Na yi karatun digiri na uku a Ingila, kuma na je can da fahimtar kwaleji irin ta gida, na sha mamaki.

A Oxford da Cambridge kwaleji ba tarin tsangayoyi ba ce. Ƙungiya ce mai cin gashin kanta, da takardar kafuwarta, da filayenta da gidajenta da dukiyar da aka bar mata wasiyya tun ɗaruruwan shekaru. Cambridge tana da 31, Oxford ma tana da fiye da 30. Malaman kowace kwaleji su ne hukumar mulkinta, a mafi yawansu su ke zaɓen shugabansu, kuma shugaban jami'a ba shi da ikon naɗa shi ko cire shi. A cikin kwaleji ɗaya za ka sami mai karanta likitanci da mai karanta shari'a da mai karanta falsafa suna cin abinci a teburi ɗaya. Kwaleji ke ɗaukar ɗalibin digirin farko, ta ba shi ɗaki, ta koyar da shi a ƙaramin zama na mutum biyu ko uku da malami, amma manhaja da laccoci da jarrabawa da digiri na jami'a ne. Har sunan shugaban ma ba ɗaya ba ne daga kwaleji zuwa kwaleji, wasu Furobos, wasu wani laƙabin dabam, a kwalejin Christ Church ta Oxford kuma an daɗe ana kiransa Din saboda haɗinta da majami'a.

A Amurka kuwa Furobos shi ne babban jami'in ilimi na jami'a gaba ɗaya, na biyu ga shugabanta, kuma shugabannin makarantun shari'a da kasuwanci da likitanci duk a ƙarƙashinsa suke. Su waɗannan ba zaɓensu ake yi ba. Tallata kujerar ake yi, kwamiti ya nemo mutum ko daga wata jami'ar, a naɗa shi na shekaru, a ba shi kasafi, a kuma auna shi da yawan gudummawar da ya jawo daga masu hannu da shuni. Wato mutum uku, ɗaya a Kano, ɗaya a Oxford, ɗaya a Amurka, suna iya amsa suna ɗaya alhali aikinsu bai yi kama ba ko kaɗan. Duk inda na ji an ce kwaleji ko makaranta a cikin jami'a, abin da nake fara tambaya shi ne ko tana da asusunta, da kuma wa ya ɗora shugabanta a kujera.

Mu ma a gida kalmar ta taɓa ɗaukar wata ma'ana ta uku. Ibadan ta fara a 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, digirin Landan ɗalibanta ke karɓa har ta tsaya da ƙafarta a 1962. Kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano reshe ce ta jami'ar Ahmadu Bello, Sanet ɗin Zariya ke amincewa da sakamakonta, kafin ta zama Jami'ar Bayero a 1977 da Dakta Mahmud Tukur a matsayin shugabanta na farko. Har yau jami'ar Ahmadu Bello tana da kwalejojin aikin gona a Samaru da Mando da Kabba, waɗanda difloma suke bayarwa, tsarinsu kuma dabam yake da na kwalejin likitanci duk da sunan ɗaya ne.

Ra'ayina, wanda na san ba kowa zai so shi ba, shi ne zaɓen Din na shekara biyu ya yi gajarta. Shekarar farko yana koyon aiki, ta biyu yana lallashin masu ƙuri'a, kuma da wuya ya tsawatar wa malamin da ya riƙe takardun ɗalibai wata shida bai duba ba, tunda gobe ƙuri'arsa zai nema.

Malam Na-Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga jama'a daga Nijar. Maganar da Ɗan Tudun Wada ya rufe da ita mu mun sha gardamarta a nan, har ta kai ga rufe azuzuwa. Tsarinmu na Faransa muka gada: shugaban jami'a rakta ake kiransa, na tsangaya kuma doyan, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ce uwa kafin a buɗe na Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauransu. A 2018 da 2019 ƙungiyar malaman jami'a, SNECS, ta yi ta yajin aiki a kan wannan batu ɗaya: malamai suna cewa su za su ci gaba da zaɓen rakta, gwamnati tana cewa tunda ita ke biyan kuɗi ita za ta naɗa wanda za ta iya tuhuma idan shekarar karatu ta rikice. Gwamnati ta tsaya a kan naɗi. Ban ga cewa naɗin shi kaɗai ya gyara jinkirin shekarun karatu ba, kamar yadda zaɓen ma bai hana shi ba a da.

Abu ɗaya da muke da shi wanda ya rage wa shugabanni ƙarfi a kan malamai shi ne ƙarin girma ba a cikin gida ake yanke shi ba. Malami yana tattara rubuce-rubucensa a aika wa hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu suka kafa, malaman wasu ƙasashe su duba su ce ya isa ko bai isa ba. A likitanci da shari'a da tattalin arziki ma gasa ce ake zama a gaban alƙalai. Saboda haka doyan yana iya hana ka ofis mai kyau, amma ba shi ke ba ka matsayin farfesa ba.

Baban Hauwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na kuma fasa neman kowa. Saura abu ɗaya da ke damuna. An ce jarrabawar gyara ta waɗanda suka faɗi saura mako biyar, kuma sakataren ya ce bai san ranar da Sanet za ta zauna ba. Idan ranar ta zo ba a zauna ba, yarinya ta shiga ko ta jira? Ina tsoron ta shiga a lissafa mata a matsayin dama ta biyu, ta kuma ƙi shiga a ce ta sake ƙin halarta.

Tsohon Ma'aikacin Rajista ya sake amsawa:

Kafin in amsa maka, Alhaji, bari in ce wa Ɗan Tudun Wada kalma ɗaya. Zaɓe yana da aibinsa, na gani da idona, amma mu da muka yi aiki a zamanin soja mun ga ɗaya gefen. Daga 1995 zuwa 1998 jami'ar Ahmadu Bello tana hannun kantoma, Manjo Janar Mamman Kontagora, kuma har yau mutanen Samaru ba su daina gardama a kan wannan zamani ba, wasu na yaba tsarin da ya kawo, wasu na cewa jami'a ba bariki ba ce. A 2023 ma da aka rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya aka ɗauki kusan shekara ba a kafa sababbi ba, duk abin da ke buƙatar sa hannun majalisa, har da tabbatar da ƙarin girman manyan malamai, ya zama sai an jira ko an nemi ma'aikatar ilimi. Ni na fi son Din mai jin kunyar abokan aikinsa a kan wanda ba ya jin kunyar kowa sai wanda ya naɗa shi.

Game da 'yarka, akwai hanya sananniya. Idan abu na gaggawa ne kuma Sanet ba za ta zauna da wuri ba, shugaban jami'a, a matsayinsa na shugabanta, yana iya amincewa a madadinta, daga baya a gabatar mata ta tabbatar, kuma jami'o'i da yawa suna da ƙaramin kwamitin Sanet da ke tace irin waɗannan takardu kafin babban zama. Amma ba kai za ka nema ba, kuma ba ita za ta hau ofishin shugaban jami'a ba. Ta rubuta sabuwar takarda gajera zuwa ga Furobos, ta hannun shugaban sashe da Din, ta ambaci ranar jarrabawar gyara, ta roƙi abu biyu: a nema mata amincewar gaggawa, sannan a ba ta izini a rubuce ta zauna jarrabawar a matsayin damarta ta farko. Ta haɗa da hoton shaidar asibiti, ta riƙe ta asalin a hannunta, kuma idan ba daraktan asibitin makaranta ne ya sa wa shaidar hannu ba ta koma ya tabbatar da ita, domin a nan ne irin waɗannan takardu suka fi maƙalewa. Kowane ofis ta kai, ta sa a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a kan nata kwafin. Ta kuma duba littafin ƙa'idojin ɗalibai na kwalejinsu, sashen rashin lafiya lokacin jarrabawa, ta rubuta lambar sakin layin a cikin takardar. Jarrabawar kuwa ta ci gaba da shiri kamar za ta zauna, kuma ranar Litinin ta fara kai takardar wurin jami'in jarrabawa na sashensu kafin shugaban sashe ya shiga taro.